Watan Sallah a Kan Teku

Alhaji Ɗangoggo, mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse, bai taɓa yin Sallah ba tare da 'yarsa Mufida ba. Bana tana cikin wani babban jirgin ruwa da ɗalibai ke karatu a ciki, yau wannan ƙasa, gobe waccan.

Ranar duban wata hadari ya rufe Abuja, aka sanar ba a gani ba, gobe akwai azumi. Ya dawo daga sallar isha ke nan ta kira shi.

"Baba, mun ga wata. Mu biyar ne Musulmi a jirgin, duk mun gani. Su gobe za su yi Sallah, har mai dafa mana abinci ya yi alkawarin shinkafa da kaza. Ni dai na ce sai na jira ku."

Ya so ta jira ɗin. Ko babu komai, rana ɗaya ta haɗa su.

"Da idonki kika gani, ko a waya?"

"Da idona, Baba. Babu gini, babu bishiya, ga shi nan fili."

"To azumin me za ki yi? Mutum huɗu na ci ke kina kumbura baki a ɗaki? Ki sa atamfar da na yanka maki, ki fita cikinsu."

Washegari ya buɗe shago da azumi a bakinsa. Da hotonta ya shigo waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa maƙwabcinsa wai telan da ya ɗinka mata ya ɓata wuyan rigar.