Munduwar Inna Bintu

"Sai an cire ta," in ji Majo Ali, mai kula da injin hoton cikin jiki na IRM, yana nuna munduwar jan ƙarfe da ke hannun Inna Bintu, wadda ke zaune a keken marasa lafiya. "Injin nan zafafa ƙarfe yake yi. In kika shiga da ita za ta ƙone ki, hoton ma ya lalace."

"Ba ta ciruwa, yaro."

Gaskiyarta kuwa. Mijinta maƙeri ne, a hannunta ya rufe munduwar da guduma ranar da ta tare, kamar yadda maƙeran gidansu suke yi. Sai dai a yanke.

Zuciya ta ɗebi 'yarta Zainaba. Wata uku suna jiran wannan rana, ƙafafun tsohuwa kullum ƙara mutuwa suke, lokotoro kuma ya ce ba zai taɓa bayanta ba sai ya ga hoto. Daga Gaffati ta kawo ta Zinder, ta baro yara da gero ya bushe a tsaye, yanzu kuma wai munduwa!

"Inna, don Allah a yanke."

"A'a."

"Ku yi shawara," in ji Majo. "Akwai mutum shida a bayanku. In kuka wuce yau, sai bayan wata uku."

"Munduwar wa?" Zainaba ta daka tsawa, har mutanen kan benci suka juyo. "Ta mutumin da ya gudu a yunwar El-Buhari ya bar ki da goyona? Ya ce ci-rani ya tafi. Shekara arba'in, Inna, ranin bai ƙare ba? Ke kika ci ganye kika shayar da ni. Wallahi ba zan rasa ƙafafunki saboda shi ba!"

"Kul, Zainaba. Ubanki ne."

"Ubana? Ko kamanninsa ban sani ba!"

Tsohuwa ta juya munduwar. Ƙarƙashinta fatar ta yi baƙin kanta. Can ta miƙa wa Majo hannu.

Aka kira mai gyaran wutar asibiti da almakashin ƙarfe. Ƙas! Sau ɗaya, ko gumi bai yi ba.

Inna Bintu ta ɗaga hannun ta dube shi, ta dubi guntayen biyu.

"Shi ke nan?" ta ce cikin takaici. "Ce mini ubanki ya yi duk Damagaram babu mai iya raba ta."

Zainaba ta sunkuya za ta kwashe guntayen.

"Bar su nan. Majo, tura ni."