Hannun Baba Agali

"Sassauta mana, ɗan lakwal! Ba buhun gero ka ɗauko ba."

Mutari ya sassauta riƙo, ya aza Baba Agali a kan amalanke a hankali. Tsohon ba nauyi ko kaɗan, rawaninsa ma kamar ya fi shi. Goggo, matarsa, tana tsaye bakin ƙofa riƙe da ƙullin magani.

"Shekaranjiya aka sallamo ka daga likita. In ka faɗi cikin bisashe wa zai kwaso ka?"

"Wanda ya kai ni," in ji Agali. "Kora jakin, Mutari."

Katanga ɗaya ta raba gidansu Mutari da na Agali a Dakoro. Shekara arba'in Agali yana saye da sayar da bisashe, amma Mutari bai taɓa tambayarsa komai ba. Tun da ya bar lakwal, wato makarantar boko, ya sayar da man babur a kwalba, ya yi kabu-kabu, ya buɗe rumfar cajin waya, ba wadda ta shekara. Bara ya sayo raguna huɗu don kiwon layya, biyu suka mutu, biyu suka ƙi ƙiba. Bana Inna, mahaifiyarsa, ta sayar da karsanarta guda ɗaya tak ta ba shi jari. Ya riga ya gaya mata, in wannan ma ta watse zai bi abokansa arewa haƙar zinariya, inda wansa ya tafi shekara uku ba labari. Inna ba ta yi kuka ba. Katangar kawai ta nuna masa da haɓa.

Ran da Mutari ya yi sallama gidan neman koyo, sati uku da suka wuce, Agali ya daɗe yana dariya har tari ya sarƙe shi.

"Tun kana rarrafe kake jin tarina ta bisa katanga. Sai yau ka gano ƙofa?"

A kasuwar bisashe Mutari ya shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin aduwa, ya shiga cikin raguna. Bai jima ba ya dawo janye da wani fari, ƙato, cikinsa kamar tulu. Tanimu dillali yana biye yana zuba yabo.

"Baba, dubi wanga!"

"Da wane ido? Yanar ido ta cinye su. Kai ma rufe naka."

"In rufe ido a kasuwa?"

"Ba wanda zai sace ka, an san ba ka da amfani. Rufe. Aza hannu bisa gadon bayansa, bi har gindin wutsiya. Mi ka ji?"

Mutari ya bi da tafin hannu. "Ƙashi."

"Taɓa cikin."

"Kamar salkar ruwa."

"Salkar ce. Kanwa aka ɗura mishi da asuba, ya sha ruwa har ya kumbura. Bar shi ya kai azahar."

Tanimu ya ja igiyarsa yana murmushin yaƙe. "Haba Baba, an ce mana ka aje sanda."

"Na aje, ban binne ta ba."

Suka zauna, Mutari yana ta mutsu-mutsu, yana ganin mutane na kwashe raguna masu kyan gani. Bayan azahar ya leƙa inda Tanimu ya ɗaure farin. Ƙasa ta jiƙe sharkaf a ƙarƙashinsa, ciki ya lotse, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa. Mutari ya tuna ragunansa na bara, da yadda ya shiga gari da su tun hantsi yana taƙama. Ya dawo ya zauna.

"Kai huɗu kawai ka saya bara," in ji Agali. "Ni bakwai na kwasa ina saurayi. Mai gidana yana zaune yana kallona, bai ce uffan ba. Da na yi mishi ƙorafi sai ya ce ai ban tambaye shi ba."

Da rana ta karkata Agali ya aika a kira masa Samba, wani makiyayi daga Bader Goula da suka shekara ashirin suna hulɗa. Ragunan Samba ramammu ne, dogaye, ba mai waiwayarsu.

"Baba, zaɓar mini."

"A'a."

"Don Allah. Karsanar Inna ce."

"Na sani. Kasuwa mai zuwa wa zai zaɓar maka?"

Mutari ya shiga cikinsu. Ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ja fatar ido ya ga ja ce ko fara, ya saurari numfashi, ya rufe ido ya bi baya da tafin hannu, duk yadda aka koya masa a zaure cikin sati uku. Ya ware biyar. Har ya kama hanya, sai ya tsaya, ya mai da ɗaya.

Agali ya shafa huɗun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai gaisawa da dangi.

"Takun biyar na ji ɗazu. Na biyar fa?"

"Yana huci kaɗan-kaɗan."

"Kamar ni ke nan." Ya lalubo hannun Mutari, ya sa shi cikin na Samba, ya haɗa ya riƙe da nasa biyu. "Samba, wanga yarona ne. Yadda kake mini, ka yi mishi."

Samba ya sunkuyar da kai. "Na ji, Agali."

A hanyar gida tsohon ya yi barci a kan amalanke, igiyar ragunan naɗe a wuyan hannunsa.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Mutari yana dama dusa. Akwai tambayar da yake so ya yi kan yawan harawar da za a ba ragunan, ya ce bari sai la'asar. Sai ya ji salatin Goggo ta bisa katanga, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya tsaya da hannu cikin dusa.

Yana cikin waɗanda suka saukar da Agali kabari. Tafin hannunsa ya faɗa kan bayan tsohon ta cikin likkafani, ya ji ƙashi ɗaya bayan ɗaya. A nan kukan ya ƙwace masa.

Motar arewa ta tashi da abokansa ran sadakar bakwai. Mutari yana turke yana share kashin raguna, ya ji ƙahonta har sau biyu a bakin titi. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba, amma rariyar ta tsaya a hannunta sai da ƙarar motar ta ɓace.

Bayan wata guda, da sassafe, ya tsuguna gefen ragon da ya fi rama. Ya rufe ido, ya aza hannu, ya bi gadon baya har gindin wutsiya. Ƙashin ya fara nutsewa, nama ya soma rufe shi, mai taushi da ɗumi. Ya miƙe zumbur, ya juya wajen katanga.

"Baba..."

Tabarmar Agali ce shanye a kan katangar, Goggo ta wanke ta, ruwa na ɗiga daga gefenta. Ragon ya matso ya goga kansa a gwiwar Mutari.