Muryar Ɗan Tsanwa

"Cikin kwalbar lemo, Yaya? Ka zuba guba cikin kwalbar lemo, ka kawo ta gidan da ɗiya ka wasa?"

Gazali bai taɓa ɗaga wa yayansa Sambo murya ba tun da ya yi wayo. Yau ga shi ya cukuikuye masa wuyan riga a farfajiyar asibitin Tambuwal, rana tsaka, masu jinya suna kallo daga gindin dogonyaro. Wayar iyafis ɗinsa na rataye a wuya. Yadda aka kira shi a shago, haka ya taso.

"Sake man riga," in ji Sambo. Ƙurar hanyar Kebbe ta yi masa fari fat har gira, gaban rigarsa kuwa duk amai ne da manja. Shi ya ɗauko Nasiha, ɗiyar Gazali, a babur, uwarta na riƙe da ita a baya. "Wa ka sayen galan guda na maganin kashe hakin gona a garinmu? Awo nika saye awa kowa. Abin da ka tai da shi, ciki mai shago ka zuba ma."

"Sai ka aje ta ƙasa."

"Ban aje ta ƙasa ba. Cikin bunun rumbu na soke ta, can sama, inda ni kaina sai na yi ɗage. Turmi ta jawo ta hau."

"Ƙarya kaka yi!"

Wata tsohuwa ta ce subhanallahi. Sambo ya dubi ƙaninsa, bai rama ba. Ya sa hannu ya ɓamɓare yatsun Gazali daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Shekaranjiya na gwada mata kwalbar. Na ce, Nasiha, wanga ba lemo na ba, mutuwa ta. Ta ce ta ji. Abin ga wari garai, Gazali, ko akuya ba ta kusanta tai. Yarinya mai shekara shida, mai wayo irin nata, ba ta sha shi don ta zaci lemo na ba."

"To don mi ta sha?"

Sambo ya kau da kai wajen ƙofar ɗakin yara.

"Tambayi uwatta. Ni bakina ba shi iya faɗi."

* * *

Shekara uku ke nan da Gazali ya bar gona. Ya gama sakandare, bai sami ci gaba ba, ya kama wani ɗan shago kusa da tashar Tambuwal yana tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a memori. Masu wannan sana'a sun yi yawa. Abin da ya fitar da shi daban shi ne muryarsa.

Wata rana ya sauko da wani katun na ƙasar waje. Akwai jarumi mai tashi sama da jan mayafi, akwai mugu siriri mai dogon haɓa da ke yawo da 'yar kwalba a ɗamara. Duk sanda aka ƙure mugun, sai ya zare kwalbar ya kurɓi wani koren ruwa, ya kumbura ya yi bakwai ɗin kansa, ya tarwatsa gari. Gazali ba ya jin yaren da suke yi. Ya sa wa makirufo safa don ta tare iska, ya kashe sautin asali, ya dinga ƙaga musu magana da bakin mutanen gida. Jarumin ya sa masa suna Garkuwa. Mugun kuwa Ɗan Tsanwa.

Garkuwa bai da daɗin yi. Kullum nasiha, kullum gaskiya. Duk barkwancin da Gazali ya tara tun yana yaro, Ɗan Tsanwa ya ba. Ya ba shi zagin 'yan tasha, ya ba shi dariyar wani mahaucin garinsu, ya kuma ba shi kirari na lokacin da zai ɗaga kwalba:

"Kurɓa guda, duniya ta yi ladabi!"

Kafin damina ta zagayo, maganar ta cika Tambuwal, ta kai Sanyinna, ta kai Kebbe. 'Yan acaɓa suna faɗinta a gaban mai shayi. Ba mai zuwa shago ya ce a tura masa Garkuwa. Ɗan Tsanwa ake tambaya.

Kashi ashirin da shida ne labarin. A na ƙarshe, koren ruwan ya juya wa mai shi. Ya ci shi daga ciki, fatarsa ta tsattsage, ya faɗi yana kakari, kwalbar ta gangara gefe. Gazali ya kalli wannan kashi sau biyu shi kaɗai. In Ɗan Tsanwa ya mutu, me za a zo nema gobe? Ya ajiye shi a wani lungu na kwamfuta, bai sa masa murya ba. Ya koma yana yanko tsofaffin faɗace-faɗace yana haɗawa, yana ɗora sabuwar magana. A hannunsa labarin ya kai kashi arba'in, kuma ko sau ɗaya ruwan kwalbar bai taɓa ba Ɗan Tsanwa ko ciwon ciki ba.

Gida kuwa, wani ƙauye ne gaba da Kebbe, hanyar ba kyau. Sai ya yi wata biyu bai leƙa ba. Da ƙaramar salla ya bar wa matarsa Bara'atu tsohuwar wayarsa, ya cika ta da katun ɗin duka. Ya ce ko ba komai zai riƙe mata yarinyar ta samu ta yi aiki.

* * *

Bara'atu ta fito daga ɗakin yara tana jan ƙafa. Takalminta ɗaya ne, ɗayan ya faɗi a hanya. Ba ta kuka. Ta tsaya gaban mijinta, idonta a ƙasa.

"Malam."

"Ina kike sanda abin ga ya faru?"

"Ina madafa. Awara nika soyawa."

"Awara! Ɗiya na hawan turmi, ke kina awara."

"Na ji ta," in ji Bara'atu. Nasiha 'yar fari ce, uwar ba ta kama sunanta. "Na ji sanda taka jan turmin. Na zaci wasanta na kullum taka yi. Takan ɗaura ɗankwalina a ƙugu, ta soka kwalba ciki, ta cika ta da ruwan randa. Wani bi ta matse ganyen yakuwa ciki don shi yi tsanwa. Sai ta zo ta ce man, Inna, bai yi ba, wanga ba na gaske na ba."

Gazali ya matso kusa da ita.

"Rannan da Yaya ya shigo da tashi kwalbar, ruwan cikinta tsanwa shar, ta bi shi da ido har rumbu. Ban kawo komi ga raina ba. Yau ina juya awara sai na ji ta buɗe murya, ta yi ta ƙato-ƙato, irin taka." Ta ɗago ta dube shi karo na farko. "Ta ce, kurɓa guda, duniya ta yi ladabi. Malam, dariya na yi. Wallahi dariya na yi, don ta iya ka sarai. Ban rufe baki ba na ji tari."

Sambo ya tsuguna ya dafe kai.

"Ban hana ta kallo ba," ta ci gaba a hankali. "In na karɓe wayar sai ta yi ta kuka, ta ce a ba ta Babanta. In an ce mata kana Tambuwal, ta ce a'a, ga ka nan ciki. Ba ta son mai jan mayafin, wai shi ka bugun Baba."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa wayar. Gilashin ya tsage, gefensa duk shatin 'yan yatsu masu maiƙo. Ya karɓa.

Ya nemi wanda zai sake cukuikuya. Mai shagon da ke awon guba a kwalbar lemo yana can Kebbe, gobe ma zai auna wa wani. Bara'atu na tsaye da takalmi ɗaya. Saura shi.

Daga bakin ƙofar asibiti wayar wani mai sayar da rake ta yi ƙara. Ba kiɗa ba ne. Muryar Gazali ce, ƙatuwa, tana dariyar mahauci, tana faɗin kirarin har sau uku kafin mutumin ya goge hannu ya ɗauka.

* * *

Likitan bai ɓoye masa ba. Ya ja shi gefe a baranda, ya ce sun wanke cikin, sun yi abin da ake yi. Ya ce irin wannan maganin ba ya nuna aikinsa a rana ɗaya. Mutum zai farka, ya yi magana, har a ce ya warke, alhali yana can yana cin huhu. Ya ce manjan da aka ɗura mata a gida bai rage komai ba.

"Za ta tashi?"

"Kwana uku zuwa bakwai za mu sani. Ku yi ta addu'a."

Gazali ya shiga. Gado na huɗu, kusa da taga. Ya fi wata biyu rabonsa da ita, har ta yi wushirya bai sani ba. Leɓunanta sun kumbura sun yi fari, an soka mata robar ƙarin ruwa a bayan hannu. Ɗankwalin uwarta na nan ɗaure a ƙugunta, ba wanda ya tuna ya kwance.

Ya durƙusa a gefen gadon. Ya tuna kashi na ashirin da shida, yana nan lafiya lau a kwamfutarsa, minti ashirin da biyu, ba murya. Aikin yini ɗaya ne.

"Nasiha."

Ta buɗe ido. Ta dube shi kamar baƙo. Sai da ya sake kiran sunanta, ta ji muryar, sannan fuskarta ta saki. Ta yi ƙoƙarin murmushi, bakin ya hana.

"Baba," ta ce, da ƙyar ake ji. "Na samo na gasken."

"Yi shiru, uwata. Kar ki yi magana."

"Guda na kurɓa. Yadda ka ce."

Bara'atu ta juya ta fuskanci bango. Sambo na tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. A waje an fara kiran la'asar.

Yarinyar ta ɗaga hannun da ba roba, ta juya shi gaba da baya tana dubawa. Siriri ne kamar jiya. Ta mai da ido kan ubanta.

"Baba, kai in ka sha, girma kaka yi. Ni don mi nawa yaka yi man zafi?"