Kiran Otal a Wayar Suruka

Ƙarfe tara da rabi na safe wayoyin kamfanin wanki da guga suka yi tsit, duka shidan. Da intanet suke aiki, kuma wai 'yan kutse ne suka far wa kamfanin da ke ba su layin. A ranar ce kuma wani babban otal zai kira kafin sha biyu ya ba su wankin zannuwan gadonsa. In ba a ɗauka ba, akwai masu jira.

Manaja ko a jikinsa. Har ƙafa ya ɗora kan ƙafa.

"Ai na yi tanadi tun bara," ya ce wa Sakatariya. "Da layi ya faɗi, kira ya zarce salula."

"Salular wa, ranka ya daɗe?"

Ya ɗaga tasa. Shiru. Ya girgiza ta kamar kwalbar maganin tari. Can ya tuna: tsohon layinsa ya saka, wanda ya ba surukarsa lokacin da nata ya ɓace, har yana cika baki wai me mutum zai yi da layi biyu.

Ya nemi shafin masu layin don ya canja lambar, shafin ma ya mutu. Ya kira su, ashe su ma da layin nasu suke amfani. Ya kira tsohuwar sau bakwai, ana kan magana. Ya suri makullin mota.

A falo ya same ta, tabarau a karan hanci, waya a kunne.

"A'a, ɗan nan, ni ban ga rigarka ba. To ka sa wata mana!"

Ya durƙusa. "Ina kwana, Mama."

"Ina kwanan me? Tun safe ake tambayata kayan mutane. Wata har tsaki ta yi mini a kan bargo. Kai ka raba wa gari lambata?"

"Kuskure ne, Mama. Ko wani daga otal ya kira?"

"Mai magana ta hanci? Ya kira. Wai za ku iya zanin gado ɗari uku kullum?"

Manaja ya matso kusa. "Sai kika ce?"

"Gaskiya na faɗa masa. Na ce mijin 'yata ne, ba ya cuta, amma wata biyu ke nan yana cewa zai turo a ɗauki labulena. Na ce ya fara gwada ku da hamsin."

"Hamsin, Mama?"

"Ya yi dariya, ya ce shawara ce mai kyau. Gobe ƙarfe takwas za ku je ku ɗauka. Ba ka gode ba?"

"Na gode, Mama."

Ya ɗaga kai ya dubi labulen da suka cinye masa zanin gado ɗari biyu da hamsin. Guda biyu ne, ruwan ƙasa, ɗaya ma da ƙonuwar dutsen guga.

"Tunda Allah ya kawo ka," ta ce, "hau kujerar can ka sauke su."

Yana sama yana fama da ƙarfen labule wayar ta sake ƙara. Ta gyara murya.

"Kamfanin wanki. Manajan yana aiki, faɗi ina ji."