Zanen Inno

"Kawo ƙafar nan," in ji Inno.

Naja'atu ta miƙa mata a kan tabarma. Tsohuwar da ko kofin ruwa ba ta iya ɗagawa yanzu ta danna babban yatsa a idon sawun. Da ta ɗauke, ramin ya tsaya nan, ya ƙi cikowa.

"Me likita ya ce?"

"Wai tansiyon ce, hawan jini, in daina tsayuwa. Ya rubuta takarda in kai wa shef a wurin aiki."

"Kin kai?"

Naja'atu ta sunkuyar da kai. Takardar ta kwana goma a jakarta, har ta fara yagewa a ninki.

Bango ɗaya ya raba ɗakunansu a gidan haya a unguwar New Bell ta Douala, kuma irin bangon nan ne da ba ya riƙe sirri. Inno ta san Naja'atu na jera sabulu a kwali a wani kamfani a Bassa, a tsaye tun safe har la'asar. Ta san kwantiragin na wata shida-shida ne, ƙarshen watan nan za a sabunta ko a sallame ta. Mijinta Mudi kuwa, tun da ya faɗi da babur ɗin haya a Ndokoti, rabin yini yake iya fita. Cikin nan shi ne na uku, biyun farko sun zube. Tsoron kada a gane a kamfani ne ya sa kullum da asuba take ɗaure shi tam da zane kafin ta sa rigar aiki.

"Zanena na saƙi da kika ara wai za ki biki," in ji Inno, "har yau bikin bai watse ba? Wata biyu ke nan."

"Inno, ai zan kawo."

"Ciwo nake, ban makance ba. Ki fita da safe kamar muciya, ki dawo kina haki. Kwance shi."

Naja'atu ta juya baya ta warware zanen. Numfashi ya sauka har ƙasan cikinta, sai ga hawaye.

"Da shi uwata ta sauka garin nan daga Kano, shi nake so a rufa wa makarata," in ji Inno. "Kuma ban yafe ba in kin nemi wani zanen kin sake ɗaure cikin nan."

"In suka kore ni fa? Me za mu ci?"

"In sun kore ki, da ɗanki a raye za su kore ki. Ni huɗu na binne a Douala, na san wanda ya fi ciwo."

Ranar Alhamis da hantsi Inno ta cika, ana tsuga ruwa a kan kwano. Bayan azahar aka fito da ita. Naja'atu na tsaye cikin mata a bakin ƙofa, tana kallon maza suna bin katakon da aka gindaya kan kwata ɗaya bayan ɗaya, makara a kafaɗa, baƙin saƙin yana shan yayyafi har suka sha kwana. Ta yi kuka ƙwarai, don tun zuwanta garin ba ta da uwa sai wannan tsohuwa mai baki.

Ran Litinin ta buɗe akwati. Zannuwa ne har biyar, kowanne zai ɗauru. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta rufe, ta sa rigar aiki haka nan, maɓalli biyu suka ƙi shiga.

A ofis Madam Khadijat, mai kula da ma'aikata, ta dubi cikin, ta dubi kwanan watan da ke kan takardar.

"Deux semaines? Mako biyu kina yawo da wannan a jaka? So kike ki faɗi mana a kan mashin?"

"Tsoron kwantiragi nake, Madam."

Madam ta cire tabarau ta murza ido. "Ba ni kaɗai ke sa hannu ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ni zan kai sunanki, kuma shekara uku ba ki taɓa latti ba. Daga yau teburin manna takarda za ki koma. Akwai kujera."

Ba alkawari ba ne, amma ranar a zaune ta yini, har takalmanta suka shiga ba gardama da aka tashi.

Da ta dawo, Iyatu, ɗiyar ƙanwar Inno, tana tsakar gida tana kwashe tabarmin zaman makoki. Ta nuna mata igiya. An dawo da zanen daga maƙabarta, an wanke.

"Ta bar wasiyya a ba ki," in ji Iyatu. "Ta ce in gaya miki na goyo ne, kada ta ji labarin wani biki."

Naja'atu ta yi dariya da hawaye a ido. Ta taɓa bakin zanen, da sauran danshi. Ta jawo kujerar Inno ta zauna a ƙarƙashin igiyar, ta ɗora ƙafafu kan bokiti, ɗan cikinta yana shuri a sake.