Magudanar Bwana Kessel

Shekara arba'in Ndesario yana kula da magudanar ruwan danginsu a gangaren Kilimanjaro, kamar yadda ubansa ya yi. Ruwan dutsen nan ba a sakinsa kai tsaye. Lallaɓa shi ake yi, ya bi gefen tudu yana kwana-kwana, har ya iso gonakin ayaba a gajiye.

Sai ga wani Bajamushe, Bwana Kessel, wato Maigida Kessel, da iyalinsa da takarda mai hatimi da ta mallaka masa ƙasar. Ya sare ayabar Ndesario kaf, ya dasa gahawa. Ranar da tsohon ya roƙa a bar masa ɗan wurin da aka binne ubansa, bulala ashirin ya sha a gaban surukansa. Ya haɗiye, amma fa abin bai wuce masa ba.

Shekara ta shida rani ya matsa, Kessel ya sa aka kirawo shi.

"Kai tsoho, wannan wace irin shiririta ce? Ruwa yana ta tangaɗi kamar mashayi! Miƙe mini shi sak zuwa gonata."

Ndesario ya buɗe baki, ya tuna bulalar da bayansa ya sha, ya rufe.

"To, Bwana. Sak."

Matarsa Mkunde ta tare shi a ƙofar gida. "Uban yara, kanka ɗaya kuwa? Ka san abin da damina za ta yi!"

"Na sani mana. Ke dai nemo mini sabuwar tukunya."

Wata guda suna haƙa, kuma wallahi bai taɓa aiki da daɗin rai irin wannan ba. Da suka gama, ya tono ƙasusuwan ubansa daga tsakiyar gahawar, ya sa a tukunya, ya kai can sama gonar ƙanensa.

Damina ta sauka, kwana uku ba ƙaƙƙautawa. A na huɗu da hantsi ruwa ya gangaro ta sabuwar hanya, ba kwanar da za ta rage masa gudu. Ya kwashe gahawa, ya kwashe rumbu da rabin gidan Kessel, ya kankare jar ƙasa har sai da dutse ya fito. Ƙasar ubansa ce ta tafi, Ndesario ya sani, kuma ko a jikinsa.

Kessel yana tsaye cikin laka har gwiwa.

"Ka sani! Don me ba ka faɗa mini ba?"

Ndesario ya zame mayafinsa a hankali, ya juya masa baya, tabon bulala reras.

"Na taɓa yi maka magana sau ɗaya, Bwana. Ga amsar da ka ba ni."