Lissafin da Rauda Ta Sha

Alluna bakwai ne jingine a zauren Malam Sharu, cikin tsohon garin Daura, kuma babu harafin Larabci ko ɗaya a jikinsu. Lissafi ne. Jikarsa Rauda za ta zauna jarrabawar fita sakandare, kuma a ajinsu ita kaɗai ce mace da ta ɗauki lissafi mai zurfi, don injiniya take son zama. Malaminta, Malam Nu'uman, yakan zo daga Sandamu ran Asabar ya ƙara mata darasi. Da ya ga babu allon bango a gidan, sai ya ari allunan tsohon da tawadarsa da alƙalamin kara, ya warware mata tambayoyi bakwai mafiya wuya, daki-daki. Ya ce ta yi ta kallo, ta kwafe in ta samu sarari. Daga nan ya wuce ta'aziyya wani ƙauye can bayan Kongolam, inda waya ba ta shiga.

Sharu ya shekara arba'in yana yi wa mutane rubutun sha, bai taɓa ganin rubutu mai ban sha'awa irin wannan ba. Yakan wuni gabansu. Ga wata alama doguwa mai lanƙwasa kamar wuyan balbela. Ga takwas ta gaji ta kwanta. Ga ƙananan lambobi sun ɗare kafaɗar manya kamar yara a ranar kasuwa.

Ran Laraba da safe, saura kwana biyar jarrabawa, Rauda ta tsaya gaban allunan da jaka a baya, ta dafe kai.

“Tsoho, abin nan ya ƙi zama a kaina.”

“Amarya, kan naki ne ya cika da tunanina.”

“Kai da ko haƙori ba ka da shi?” Ta fice tana dariya.

Maganar ta zauna masa. Ya ce a ransa, ai mun san yadda ake sa rubutu ya zauna. Ya ɗauko sabuwar ƙwarya, ya wanke alluna bakwai ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada ɗigo ya zube. Ya tace, ya zuba zuma. Da ta dawo da azahar ya miƙa mata, ta yi bisimilla ta shanye, don ta saba shan rubutunsa tun tana goye. Sannan ta juya wajen bango.

“Ina lissafina?”

Sai a lokacin ya lura da littafin da ke hannunta, a buɗe, fari fat. Yau ta yi niyyar kwafewa. Can tsakar gida akuya ta yi kuka, ya ji kansa yana cewa, “Akuyar nan ce. Kin san su da lasar tawada.”

Uwar Rauda, Barakatu, ta fito da muciya ta bi akuyar har bayan rumbu, ta ɗaure ta a rana. “Baba, ka yi haƙuri, laifina ne da na sake ta,” in ji ta. Rauda ba ta yi kuka ba. Ta kira lambar Malam Nu'uman sau tara, ba ta shiga. Ta zauna a ƙasa tana shafa allon farko da tafin hannu.

Ran nan Sharu ya kasa cin tuwo. Washegari ya je masallaci, aka yi sallama bai san surar da liman ya karanta ba. Ya dawo ya tarar da akuyar tana ɗingishi, tana kallonsa da idon nan nata mai tsaga a kwance. Ya kwance ta, ya ba ta dusa, ya shiga zaure inda Rauda ke ta juya takardu.

“Rauda.”

Ta ɗago, don ba ya kiran sunanta sai da dalili.

“Ba akuya ba ce. Ni na wanke. Shi kika sha jiya.”

Ta ajiye takardun. “Duka bakwai ɗin?”

“Har da zuma.”

Ta yi wata 'yar dariya wadda ta ƙare da hawaye. “Kaka, da ka tambaye ni mana.”

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Ban san ma'anarsu ba, amma na kalle su kwana huɗu. Mu da ido muka yi hadda.” Ya jiƙa alƙalami, ya zana wuyan balbela. “Nan gabansa akwai gicciye, da ƙaramin uku a kafaɗarsa.”

Ta matso. “Uku ko biyu?”

“Uku. Biyun yana ƙasa, an shimfiɗa masa tabarma a ka.”

Ta karɓi alƙalamin. Layin farko kawai take buƙata, sauran sai ta yi ta fama har ta fito da shi da kanta. Wani wurin ya juya alama, su ɓata rabin wuni kafin ta gane. Barakatu ta ji labari, sai ta daina ɗaga ido in ta kawo masa abinci. Zuwa Lahadi sun dawo da alluna biyar da rabi. Na bakwai kuwa, ya rufe ido ya buɗe, ba ya ganin komai sai baƙin ruwa yana gangarawa cikin ƙwarya.

Ran Litinin ya zauna a dakalin ƙofar gida tun hantsi, carbi a hannu, bai ja ko ɗaya ba. Bayan azahar ɗan acaɓa ya sauke ta. Ya miƙe har sandarsa ta faɗi.

“Yaya, Amarya?”

“Huɗu daga cikin namu sun fito. Na yi su.”

“Na bakwai fa?”

Ta sunkuya ta ɗauko masa sandar, ta sa masa a hannu.

“Ya fito, Kaka. Shi ne mai maki da yawa. Na rubuta lambar tambayar, na bar wurin amsar fari fat.”

Ta shige gida tana kiran uwarta. Shi kuwa ya koma ya zauna, aka kira la'asar, maƙwabcinsa ya wuce ya ce, “Malam, ba ka ji kira ba ne?” Ya ce ya ji.